Hancin Salama da Hoton da ke Falo

Kafanchan,
Laraba da yamma.

Ɗana Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan wannan takarda za ta same ka a Jere lafiya, kai da matarka Rahila da 'yar jikata Salama. Allah ya kiyaye muku hanya gobe, ya haɗa ku da direba mai iyali wanda yake son ya sake ganinsu. Mamanku tana gaishe ku, ko da yake yanzu haka tana ɗakinku tana cusa muku daddawa da citta a jaka kamar za ku ƙasar da ba a yin miya.

Za ka yi mamakin uban da ke rubuta wa ɗansa wasiƙa alhali bango ɗaya ne a tsakaninsu. Na san ka ne. In na yi magana za ka ce, "To, Baba," idonka na kan waya. Takarda kuwa ba ta gajiya da jira. Zan sa ta a jakar jaririya, ƙarƙashin nafkin, inda dole hannunka ya kai.

Ga dalili. Yau da safe ina baranda ina shan kunu, na ji kana ce wa Rahila, "Kafin ranar Lahadi sai mun san yadda muka yi da hancin yarinyar nan. Ba za mu tsaya gaban ikilisiya tana gurnani kamar injin niƙa ba." Na san ranar Lahadi za ku miƙa ta ga Ubangiji a sabuwar majami'arku, gaban mutanen da ba su san ka ba tukuna, kuma kana so su ga sabon malamin lissafi mutum ne mai tsari. Na ajiye kofin kunun, domin maganar nan tawa ce. Ni na fara faɗinta, kuma a kanka na faɗe ta.

Ka san hoton nan na falo, wanda Mamanku ke riƙe da kai gaban bagade, majina ta sauko maka har leɓe. Saboda shi ƙannenka suke kiranka Sarkin Majina. Ka sha tambayata me ya sa aka rataye shi, na sha ce maka mai hoton ne ba shi da ido. Mai hoton idonsa ƙalau. Karanta ka ji.

Da damina aka haife ka, lokacin muna haya a bayan tashar jirgi, ciki da falo. Kana da wata biyu, kamar Salama yanzu, aka shiga ruwan Agusta, irin wanda Dutsen Kagoro ke wuni cikin gajimare, wanki kuma ya ƙi bushewa a igiya. Mura ta kama ka. In ka ja numfashi sai a ji kamar jirgin kaya na fama da tudu. Lahadin makon ne kuwa aka sa za a miƙa ka. Na riga na gayyaci shugaban makarantarmu, tela ya gama mini kwat, an yi wa mai hoto magana, 'yan Zumuntar Mata sun ɗauki nauyin shinkafa.

A lokacin ina da kwali cike da littattafai ƙarƙashin gado. Na san kogunan ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, na san sarakunan da suka mutu tun kafin a haƙa rijiyar farko a garin nan. Amma ban san cewa hancin jariri ƙarami ne ƙwarai, 'yar majina kaɗan ta isa ta sa shi ƙara, kuma ba ya iya fyacewa ba. Kana shan nono, kana barci, kana jiƙa nafkin yadda ya kamata. Mura ce kawai ke damunka. Ni ne mai babban ciwon, ciwon me mutane za su ce.

Saboda haka ka fara da wannan: kada ka saurari hancin Salama ka manta da Salama. In tana kama nono sosai, tana barci, tana jiƙa nafkin, jikinta ba zafi, to ƙarar nan kunnenka kaɗai take damu. Ana taɓa hancin jariri ne in toshewar ta hana shi sha ko barci, ba don ta hana ubansa zama cikin mutane ba.

Kakarka, Allah ya ji ƙanta, ta zo daga Godogodo don taya Mamanku jego. Ranar Juma'a ta gan ni ina zagaya ka kamar makanike.

"Ba ni shi nan, Ticha," in ji ta. Ticha take ce mini duk lokacin da take so in tuna cewa akuyarta aka sayar aka kai ni makaranta. "In hura masa a baki, majinan duka ya fito ta hanci. Sai in ɗiga masa man alayyadi. Haka na yi maka, ga ka nan da ƙaton hancinka."

"Mama, an daina wannan. Akwai ƙwayoyin cuta a baki."

"A bakina? Bakin da na tauna maka abinci da shi?"

Na ci gardamar, kuma cin gardamar nan ne ya ja mini. Wanda ya hana tsohuwa aikinta dole ya nuna nasa. Na ɗauko tsinken ashana, na naɗa masa auduga da kyau, na kwantar da kai a cinyata. Mamanku na tsaye tana cewa, "Baban Ishaku, a hankali." Na ce mata ta bar wa masu ilmi. Da na zura tsinken, ka fizge kai, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Audugar ta fito da jini a jikinta. Majinar kuwa na tura ta ciki, inda ta ƙara samun wurin zama.

Ni da Kakarka duk mun yi kuskure, bambancin kawai ni da Turanci na yi nawa. Kada kowa ya hura wa Salama iska a baki ko a hanci. Huhun jariri ba ƙwallo ba ne, kuma murar babba na iya bin iskar ta same ta. Kada a ɗiga mata mai kowane iri, na alayyadi ne ko na kaɗanya ko na zaitun da aka yi wa addu'a, domin mai na iya gangarawa huhu. Kuma kada wani abu mai tsini ya shiga hancin nan: ba tsinke, ba auduga mai sanda ta kanti, ba farce, ba kan makulli. Abin da ya fito waje, ka share da tattausan ƙyalle mai ɗan danshi. Abin da ke ciki, zan gaya maka yadda ake lallashinsa.

Mai hankali da ya ga jini sai ya tsaya. Ni sai na ce dabarar ce ba ta isa ba. Ranar Asabar na je kemis na sayo man zafi, irin wanda nake shafawa in mura ta kama ni. Na yi lissafi irin na malamai: abin da ya buɗe babban hanci, ƙaramin hanci ai wasa ne a wurinsa. Na laƙato da ɗan yatsa na shafa maka a ƙofar hanci, inda na ji maka ciwo ranar Juma'a. Ishaku, ban taɓa jin kuka irin wannan ba. Maƙwabta sun leƙo. Idonka ya yi ja, hancin ya yi ta zuba, na ce wa Mamanku, "Kin gani, yana aiki." Kafin la'asar ya kumbura ya toshe fiye da da.

Ban daddara ba. Na tafasa ruwa na juye a kwano, na ɗauko bargo, wai mu shiga ni da kai ka shaƙi turiri. Allah ya sa ba kai ruwan ya samu ba. Ka harba ƙafa, na goce, gwiwata ta bugi kwanon, ya kife a ƙafata ta hagu. Tabon nan da na gaya muku salansar babur ce ta ƙone ni, to babur ɗin kwanon silba ne. Har yau in na cire takalmi na gan shi, nakan auna faɗinsa da faɗin cikin jariri ɗan wata biyu, sai in mayar da takalmin.

Man zafi, kafur, maganin ɗigawa a hanci na manya, maganin tari da mura na kwalba, babu ko ɗaya da aka yi don mai shekarun Salama. Abin da babba ke ji kamar sanyi mai daɗi, a hancin jariri wuta ce, kuma hanci in ya ji wuta majina yake ƙarawa. Ruwan zafi kuma kada ya kusanci inda take, ko da wane ne ya rantse maka da turiri. A motar da za ku shiga gobe ma, wataƙila wani ya miƙe da jaka ya ce yana da magani ɗaya mai warkar da basir da ciwon baya da murar jarirai. Ka saurare shi don nishaɗi, hanya ce mai nisa.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyi. Safiyar Lahadi ina guge kwat, ƙafata naɗe da tsumma, Mamanku ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da kai a hannu.

"Baban Ishaku, yaron nan ba ya sha. Sai ya kama ya saki, ya kama ya saki."

"Ki yi masa wanka mu tafi. A can za a yi masa addu'a."

Ta ɗaga rigarka ta ce, "Dubi nan." Ƙasan haƙarƙarinka yana lotsawa ciki duk lokacin da ka ja numfashi, kana numfashin da sauri kamar wanda ya yi gudu, jikinka da zafi. Na gani da idona. Ka san abin da na ce? Na ce, "Bayan sujada sai mu biya asibiti. Mutane na jira."

Mamanku a lokacin yarinya ce, ba ta taɓa musa mini magana ba. Ta dube ni, ta dubi kwat ɗin, ta ce, "To ka kai kwat ɗin a miƙa." Ta fice. Ta buga wa maƙwabcinmu Malam Sani ƙofa, mai shagon kayan masarufi, shi kuwa bai tambayi komai ba, ya tayar da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Da ƙyar na cim musu, kwat a sama, silifa a ƙasa. Kakarka tana gaba ta hakimce kusa da direba.

A asibiti, nas ɗin da ta karɓe ka ta haska hancinka ta ce, "Wa ya yi wa hancin nan haka?"

"Ticha," in ji Kakarka, ko numfashi ba ta ja ba.

Nas ta sake dubawa, ta shinshina. "Wa kuma ya ɗiga masa mai?"

Kakarka ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Kaɗan ne. Lokacin da ya tafi kemis."

Likita ya ce murar ta sauka maka a ƙirji. Na tambaye shi ko ni na jawo. Ya ce mura takan sauka da kanta ko ba a taɓa yaro ba, amma hancin da muka kumbura ya hana ka sha, yaron da ba ya sha kuma ba shi da ƙarfin faɗa da ciwo. Ya ƙara da cewa gara da muka zo da safe. Bai san cewa da ta ni ce, sai bayan waƙar rufewa da gaishe-gaishe da hoto ba. Aka kwantar da kai, da 'yar roba a hanci tana ba ka iska. Shinkafar kuwa ba ta lalace ba. 'Yan Zumuntar Mata suka ɗauko ta a ka har asibiti, suka yi addu'a a baranda, duk masu jinya a ɗakin yara suka ci bikinka. Ni kaɗai ban ci ba.

Ka riƙe wannan fiye da komai a takardar nan. In ka ga Salama tana numfashi da sauri, ko ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa, ko ƙofofin hancinta na buɗewa suna rufewa, ko tana nishi a ƙarshen kowane numfashi, ku tafi asibiti. In ta ƙi nono, ko nafkin ya daɗe a bushe, ko ta yi laushi ba ta farkawa da kyau, ku tafi. In leɓenta ya canza launi, ku tafi a guje. Kuma yarinyar da ba ta kai wata uku ba, in jikinta ya yi zafi, ba a jira a ga yadda gobe za ta yi. Ko Fasto ya riga ya kira sunanku daga bagade, ku juya. Ubangiji ya san hanyar asibiti. Ranar da kuka sauka Jere, kafin ka nemi mai gyaran talabijin, ka nemi inda asibiti yake, ka kuma san maƙwabcin da za ka iya buga wa ƙofa. In Rahila ta ce maka "Dubi nan," ka ajiye duk abin da ke hannunka. Ita ke jin yadda yarinyar ke kama nono. Kai labari kake ji.

Kafin a sallame mu, nas ɗin nan ta nuna mana yadda ake buɗe hancin jariri, kuma abin ya ba ni haushi don sauƙinsa. Na sayo muku kayan, suna cikin jakar tare da wasiƙar: 'yar kwalbar ruwan gishiri na ɗigawa a hancin jarirai, da 'yar roba mai kumburarren ciki ta zuƙe majina. Kada ka ce kai malamin lissafi ne za ka haɗa naka da gishirin miya. In ta ƙare ka sayi wata, ka karanta jikinta ka tabbata ruwan gishiri ne zalla, ba a haɗa shi da wani magani ba.

Ka wanke hannu. Ka kwantar da ita rigingine, Rahila ta tallafe mata kai. Ɗigo ɗaya ko biyu a kowace ƙofa, sai ka dakata kaɗan majinar ta jiƙa. Sau da yawa atishawa za ta yi, aikin ya ƙare ke nan, sai sharewa. In bai fito ba, ka matse robar tun tana waje, ka sa bakinta a ƙofar hancin kawai, ba can ciki ba, sannan ka saki a hankali. Ka matse abin da ta zuƙo a ƙyalle, ka koma ɗaya ƙofar. Za ta yi kuka, za ta dube ka kamar ka ci amanarta. Ka ɗauke ta a kafaɗa ka ba ta haƙuri. In an gama, a wanke robar ciki da waje da sabulu da ruwan ɗumi, a kife ta ta bushe, in ba haka ba gidan ƙwayoyin cuta ka gina.

Kada ka ɗauka daga nan na zama mai hikima. Da aka haifi ƙanwarka Lami, na zama sarkin roba. In ta yi atishawa, roba. In ta yi hamma, roba. Na yi ta zuƙa har hancin ya yi ja ya kumbura, na koma inda na fito ta wata hanya. Wata rana kuma na yi mata bayan ta ƙoshi da nono, ina zaune gaban takardun jarrabawar 'yan aji uku. Ta mayar da nonon duka a kansu. Na ce wa yaran ruwan sama ne, wani daga baya ya ce, "Sa, ruwan saman nan yana warin kindirmo." Don haka kafin ta sha ake yi, ba bayan ta sha ba, kuma 'yan lokuta kaɗan a wuni, lokacin da toshewar ta hana ta kama nono ko barci. Sauran aikin na nono ne. A ba ta akai-akai, ko kaɗan-kaɗan, shi ke tsinka majina.

In tana farke ka riƙa ɗaukarta a tsaye a ƙirjinka, tana jin sauƙi haka, kai ma za ka ji. In za ta yi barci kuwa, rigingine a shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ko da wani ya ce a ɗaga mata kai don majina ta sauka. Na ga gidan da ka kama a hoto, yana kusa da babbar hanya. Tagar da ke kallon titi a rufe ta, hayaƙin manyan motoci da na masu gasa masara ba abokin hanci ba ne. Maganin sauro mai hayaƙi kada ya shiga ɗakinta, gidan sauro ya isa. Janareto kuma can nesa da taga.

Za ka samu masu ba da shawara. Sabuwar ikilisiya ba ta rasa iyaye mata masu ƙauna, kowace da maganin da ta raini 'ya'ya tara da shi. Surukarka ma za ta zo da ƙulli a bakin zane. Kada ka yi musu lacca irin tawa, ka ga inda ta kai ni: tsohuwa ta jira na fita. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ce nas ta ce a dakata tukuna. Nas ba ta nan, ba za ta ji kunya ba. Sannan ka zaunar da surukarka ka ba ta kwalbar ruwan gishirin ta ɗiga da hannunta. Tsohuwa ba maganinta take karewa ba, so take a ce da ita aka yi.

Saura hoton. Bayan ka warke aka sake sa rana. Babu shugaban makaranta, babu shinkafa mai yawa, kwat ɗin ma na bar ta a gida. Wata sabuwar mura ta ɗan taɓa ka, amma kana sha kamar ɗan maraƙi. Muna tsaye gaban bagade, mai hoto ya ɗaga na'urarsa, sai na hango majina ta gangaro maka. Hannuna ya tafi aljihu da kansa, na zaro hankici. Mamanku ta buge hannun, a gaban Fasto da dattawa da kowa, ta ce, ba tare da ta daina murmushi ba, "Bar masa abinsa. Mai rai ke majina."

Ka duba hoton da kyau kafin ku tafi, in ka ga wasiƙar nan da wuri. A gefen dama akwai hannu a sama da farin ƙyalle, ba a ga mai shi ba. Nawa ne. Ni na sa aka yi wa hoton gilashi, ni na buga ƙusar.

Don haka ranar Lahadi, in Salama na sha tana barci, ku kai ta yadda take. In ta yi gurnani lokacin addu'a, Ubangiji ya saba, shekara nawa yana sauraron masu babbar murya a ƙungiyar mawaƙanmu bai yi ƙorafi ba. Mutanen Jere za su san ka a hankali, kuma abin da za su riƙe ba tsabtar hancin 'yarka ba ne. In kuwa ba ta da daɗi, a ɗaga ranar. Lahadi ba ta ƙarewa.

Ni da Mamanku za mu shigo motar farko ranar Asabar. Ka gaya wa mai hoto kada ya jira a share komai. Na riga na buga ƙusa ta biyu a falo, kusa da taka.

Ubangiji ya kai ku lafiya, ya tsare fitarku da shigarku, ya albarkaci sabon gida da sabon aiki. Ya ba Rahila ƙarfi da isasshen nono, ya ba ka kunnen jin maganarta. Ya buɗe wa Salama hanci a lokacinsa, ya raya mana ita har ta yi wa nata 'ya'yan dariya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
mai tabo a ƙafar hagu.